Daga Gora Zuwa Faiba: Tarihin Jirgin Masunta a Ƙasar Kano

Abin hawan masunta a ƙasar Hausa ya bi matakai huɗu: gora, jirgin sassaƙa, jirgin katako, sannan jirgin faiba. Kowannensu ya shigo ne lokacin da ruwan da ake su a cikinsa ya sauya, ko itacen da ake aiki da shi ya yi wuyar samu, kuma har yau ana iya tarar da dukansu huɗu a bakin ruwa ɗaya.

Gora ita ce mafi sauƙi. Masunci yana kwanciya a kanta da ciki, yana iyo da ƙafafu, hannuwansa na riƙe da homa, kifin da ya kama kuma yana jefa shi cikin gorar ta bakinta. Haka dubban masunta suke faɗawa kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Jirgin sassaƙa shi ma tsohon hannu ne. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna na jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da wani jirgi binne a ƙasa. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma sun kai kimanin 8,000, shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa tonowa a Afirka. Masassaƙa suna neman gungumen maɗaci ko kawo ko maje, su rarake cikinsa da gizago. Irin wannan jirgi yana da nauyi, yana da ƙarko, sai dai faɗinsa ba ya wuce kaurin bishiyar da aka sare.

A ƙasar Kano, kafin shekarun 1970, su sana'ar lokaci ce. Kogin Kano da na Challawa suna cika da damina, su janye da rani su bar gurabe, sai a taru da gora da homa a kwashe abin da ya rage. Masunta na gado suna zaune ne a wurare irin su Wudil da fadamun Haɗeja. Madatsun ruwa ne suka juya al'amarin. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina Bagauda, aka kuma gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, wadda faɗin ruwanta ya kai murabba'in kilomita 178. Daga baya aka samu Jakara da Watari da Tomas, sai Challawa ta Karaye da aka kammala a 1992. Ruwa ya zauna shekara cur, mai zurfi, mai faɗi, mai tashin igiya idan iska ta kaɗa. Gora ba ta kai mutum tsakiyar Tiga, kuma kalli da mamari da taru duk suna bukatar abin da zai ɗauki mutum biyu da kayansu. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu suka koyi su, masunta daga Kabi da Yawuri da Haɗeja suka zo cin rani, wasu suka zauna.

A daidai wannan lokaci manyan bishiyoyi suna ƙarewa, sai jirgin katako ya karɓi aiki. Ƙirarsa ta bunƙasa a tafkin Kainji bayan kammala madatsarsa a 1968, inda kafintocin Yawuri da Malale suka yi suna, da kuma Baga a bakin tafkin Chadi. Ana jera fallayen katako, a haɗa su da ƙusa, a cusa tsumma ko auduga a tsakaninsu, a rufe haɗin da yankan kwano da kwalta. Gindinsa a shimfiɗe yake, ana tuƙa shi da filafili ko a tura shi da gwangwala. Yana yoyo tun yana sabo, shi ya sa ba a raba shi da ƙoƙon kwasar ruwa, kuma cikin 'yan shekaru ruwa da rana sukan cinye shi. Amma yana da abubuwa biyu da suka riƙe shi a kasuwa: kowane kafinta na ƙauye zai iya gyara shi, kuma idan ba inji mai nauyi a jikinsa, ko ya cika da ruwa katakon yana tasowa, mutum ya samu abin kamawa.

Faiba daga Amurka ta taso. A shekarun 1930 aka gano hanyar jan gilashi ya zama zare mai laushi, kamfanin Owens-Corning ya kafu a kan wannan sana'a a 1938, wani maƙerin jirage mai suna Ray Greene a garin Toledo ya haɗa zaren da ruwan danƙon rezin ya fitar da jirgi a 1942. Kamfanin Yamaha na Japan ya fara yin jiragen faiba da injin rataye a 1960. Yadda ake yinsa bai sauya sosai ba. Ana shafa wa mazubi fenti mai ƙarfi wanda zai zama fatar jirgin, a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, a jiƙa ta da rezin da aka gauraya da sinadarin daskarwa, a murje ta don fitar da iska, a ƙara wata a kai. Yawan shimfiɗar da kyawun murjin su ne ƙarfin jirgin. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba shi da haɗin da zai yi yoyo.

A Najeriya jirgin faiba ya fara zama ne a Legas da yankin Neja Delta, wurin masu jigilar fasinja da kamfanonin mai. Arewa ta san shi ne ta hannun hukumomi, galibi bayan an yi rashi. A watan Mayun 2021 jirgin katako ya tarwatse da 'yan kasuwa kusa da Warra a jihar Kebbi, gommai suka rasu. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar wani jirgi da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari, mutum 29 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Tun daga nan kiran a koma faiba ya ƙaru, hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa ta raba jirage da rigunan ruwa a garuruwan bakin Neja.

Cinikin jirgi kuwa sau da yawa a birnin Kano ake ƙulla shi. Ƙaramar hukumar Fagge ta tara sassan sana'ar wuri guda: karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa suna sauka a kasuwar Galadima da ke Sabon Gari, katako yana 'Yan Katako ta Rijiyar Lemo, kayan injuna kuma suna shagunan Sabon Gari. Dillalin kifi kan ba masunci kuɗin jirgi da kalli, a riƙa cirewa daga kamu. Saboda haka zaɓin jirgi ya shafi mutum biyu, mai kuɗi da mai shiga ruwa, kuma na biyun ne yake ɗaukar haɗarin.

Ƙananan jiragen faiba da ake samu iri biyu ne. Akwai mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda aka kwaikwayo daga jirgin katako. Yana tafiya a ruwan da bai kai gwiwa ba, yana ratsa ciyawa, ba ya tangaɗi idan mutum ya miƙe zai jefa birgi, filafili kuma yana isarsa. Rauninsa igiya ce: yana dukanta da ƙirji, ruwa ya fantsamo ciki, kuma saboda rashin nauyi iskar hunturu tana jan sa gefe. Akwai kuma mai tsinin gindi da ɗagaggen hanci, wanda yake yanka igiya, ya dace da buɗaɗɗen ruwa irin na Tiga da Challawa da tafiya mai nisa. Shi kuma yana son zurfi, yana karkata idan an tsaya a gefensa ana jan kalli, kuma sai da inji, mai ƙarfin doki 15 ko fiye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ya zama babban lissafi, domin jirgin da ke shan mai kullum sai kamun ya biya man kafin ya ciyar da gida. Mai su a fadama da bakin gaɓa ya fi dacewa da na farko, mai fita tsakiyar ruwa da na biyu.

Bayan siffa sai ƙira. Faiba ta fi ruwa nauyi, don haka jirgin da ya cika zai nutse gaba ɗaya in ba a rufe masa soso ko akwatunan iska a ƙarƙashin kujeru da hanci ba. Wannan shi ne abu na farko da mai saye yake tambaya, kuma a nan ne masu rage farashi suka fi yin ha'inci. Araha ba ta ado. Sai a danna gefe da gindi da tafin hannu: idan suna lotsawa, shimfiɗar ta yi kaɗan. A duba allon baya inda ake rataya inji, domin akwai katako a cikinsa wanda yake ruɓewa idan ruwa ya shiga ta ramin noti. A tsohon jirgi ana ƙwanƙwasa jikinsa, inda ya yi amo kamar fanko shimfiɗar ta rabu. Madatsun ruwa cike suke da kututturan bishiyoyin da ruwa ya binne, faiba kuma fashewa take yi idan ta yi karo da su. Facinta ba shi da wuya ga wanda ya iya, amma rezin da tabarmar sai an nemo su daga birni, don haka ya kamata a san mai gyara tun kafin a biya kuɗi.

Faiba ta magance yoyo da ruɓa, ba ta magance lodi fiye da kima da tafiyar dare da fita cikin hadari ba, waɗanda su ne suka fi cin rayuka. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane mai shiga jirgi. A bakin gaɓa kuwa Sarkin Ruwa da dattawan masunta su ne suka san inda kututture yake da lokacin da iska take juyawa, kuma shawararsu tana daga cikin abin da mai sayen jirgi zai nema kafin ya zaɓa.