Aikatau a Gidajen Najeriya: Nauyin da Doka Ta Ɗora wa Masu Gida

A Kano, Kaduna ko Abuja, da baki ake ƙulla yawancin cinikin ɗaukar 'yar aiki. Dillaliya ta kawo yarinya daga ƙauye, a yanke kuɗin wata, ta ciri kasonta, sauran a aika wa iyaye ko a tara don kayan ɗaki. Ba takarda, ba ranar hutu, ba wanda ya ambaci abin da za a yi in ta kwanta ciwo. Masu gida da yawa sun ɗauka doka ba ta leƙa bayan zaure. Tana leƙawa, sai dai giɓinta babba ne.

Dokar Ƙwadago ta 1971 ta cire wanda aka ɗauka ba don kasuwancin ubangidansa ba daga jerin ma'aikata, ta bar wa ministan ƙwadago ikon tsara ƙa'idojin aikin gida. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka mai reno da kuku da direban gida duk suna waje. Fanshon dole na dokar 2014 ma bai shafi gida mai ma'aikaci ɗaya ko biyu ba, sai dai ƙaramin tsarin fansho na ganin dama da hukumar PenCom ta buɗe a 2019. Haraji kuwa da wuya ya taso, domin tun Dokar Kuɗi ta 2020 aka yafe shi ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba.

Amma akwai wurare biyu da doka ta tsaya da ƙafarta. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ambaci mai aikin gida wanda ba ɗan dangi ba a cikin waɗanda take karewa, ko da yarjejeniyar ta baka ce, kuma ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF. Ke nan yarinyar da tafasasshen mai ya ƙona a kicin tana da haƙƙin diyya, ba wai a shafa mata man goge baki a mayar da ita ƙauye ba. Na biyu ya fi tsanani: dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta sa ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida ya zama laifi, hukuncinsa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7. Yardar iyaye ba ta wanke mai gida, kuma cewa "ai taimakonsu muke yi" ba hujja ba ce a gaban alƙali.

A ganina, abin da ya fi ciwo shi ne ko ma'aunin da muka gada ba mu cikawa. Fiƙihun Malikiyya ya shardanta wa ijara sanannen lada da sanannen aiki ko wa'adi. Yarinyar da aka ɗauko don reno, aka wayi gari ita ce wanki, ita ce girki, ita ce ta ƙarshen kwanciya, kuma ba ta taɓa riƙe kuɗinta a hannu ba, yarjejeniyarta ta gurgunce ta fuskar shari'a tun kafin a je ga dokar gwamnati.

Yarjejeniya ta 189 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 2011 ta tanadi hutun awa 24 a jere kowane mako da bayyanannun sharuɗɗan aiki. Ba sai majalisa ta tilasta ba kafin gida ya yi hakan. Hajiya, ki tabbatar da shekarun wadda za ki ɗauka, a rubuta aikinta da ladanta da ranar hutunta a gaban shaidu biyu, kuma kuɗin ya shiga hannunta ko asusunta ƙarshen kowane wata.