Lasifika

lasifika (suna, mace, jam'i: lasifikoki). Na'ura ce da ke mayar da wutar lantarki ta zama sauti, ana kuma ce mata amsa-kuwwa. A cikinta akwai maganaɗisu da naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke girgiza wani faifan takarda, shi kuma ya motsa iska har kunne ya ji. Ƙaramar lasifikar ɗaki ana jera ta biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, sai dai ƙanƙantar akwatinta kan rage mata zurfin amo. A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, inda kayan lantarki da yawa ke shigowa ta iyakar Najeriya, mai aiki da batir ta fi amfani a gidajen da wuta ba ta kai ba.