Tallafin Noma a Ƙasar Ƙonni: Wane Ne Ya Biya?

Wani ɗalibina ya ji a rediyo cewa a Amurka gwamnati na aika wa manoma kuɗi kai tsaye, sai ya tambaye ni ko an taɓa yin haka a nan. Na ce masa can tun 1933 suka fara. Mu kuwa, a iya wayona, mahaifina bai taɓa karɓar ko dala don ya yi noma ba. Tallafinmu ta wasu hanyoyi yake zuwa, kuma ya kamata malamai da iyaye mu san su, don yaran nan za su ci gaba da tambaya.

Hanya ta farko bashi ce. A 1962 aka kafa UNCC don tsara manoma cikin ƙungiyoyin haɗin gwiwa. A kwarin Maggiya, inda ake noman auduga, ana ba da iri da taki da garmar shanu, a cire kuɗin ranar awo. Idan damina ta yi kyau, lafiya lau. Idan ta ƙi, bashin na nan a wuyan gari baki ɗaya. Bayan farin 1984 mutane da yawa sun kasa biya, tsarin ya durƙushe.

Ta biyu ruwa ce. Zamanin Seyni Kountché aka gina gandarin Ƙonni, fiye da hekta 2,400, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango, aka kuma kafa ONAHA a 1978 don kula da irin waɗannan gandaye. Wannan tallafi ne na gaske, sai dai na wanda ya samu fili ne. Manomin gero na tudu kallo kawai ya sha. Da magudanan suka lalace, madatsun suka cika da laka, sai da aka jira kuɗin Amurka na yarjejeniyar MCC ta 2016 kafin a yi babban gyara.

Ta uku ita ce ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ita ta fi shiga gonaki. A shekarun 1980 zuwa farkon 1990 gwamnatin Najeriya na zuba kuɗi mai yawa don rage farashin taki. Tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya (kada yara su haɗa ta da tamu Illela ta hanyar Tawa) tafiyar ƴan mintoci ce. Buhunan sai su tsallako a mota, a amalanke, har a bayan keke. Na tuna kawuna, manomin albasa a gefen Galmi, yana lissafin taki da naira, ba da sefa ba. Wato baitulmalin wata ƙasa ne ya daɗe yana ciyar da albasarmu, ba tare da ya yi niyya ba. Da Najeriya ta janye tallafin a 1997, ga kuma karyewar sefa ta 1994 ba ta gama sakin mutane ba, kawu ya rage filinsa da rabi.

Daga baya CAIMA ta riƙa sayar da buhu jika 13 da rabi, amma wanda ya yi layi ya san sau da yawa takin kan iso bayan shuka ta yi nisa. A 2018 aka soma sauya tsarin, aka miƙa shigo da taki ga ƴan kasuwa.

Akwai kuma abin da ya faru a Illelarmu. A 1989 wani shiri na FIDA ya kai wasu manoma Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a faƙo, a zuba takin gida, a tare ruwan sama. Suka dawo suka gwada tassa a yankin Badagishiri. Farin 1990 ya nuna bambanci, maƙwabta suka kwaikwaya, har faƙon da a da ba mai so ya koma abin saye da sayarwa. Ɗalibin nawa ɗan can ne, kuma da na tambaye shi ya ce gonar kakansa ma faƙo ce aka saya.