Asalin Ƙa'idojin "Ingilishi Daidaitacce" da Ake Koyarwa a Makarantun Sakandare

A cikin wannan takarda muna so mu bi sawun ƙa'idojin nahawun Ingilishi da muke ɗora wa 'yan makarantun sakandare, mu ga inda suka samo asali da kuma waɗanda suka kafa su. Dalilinmu kuwa shi ne, yaron da bai ci Ingilishi da kyakkyawan sakamako ba a jarrabawar ƙarshe, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya yi fice a lissafi da kimiyya. Ya kamata malamin da ke jan layi da jar tawada ya san wace ƙa'ida ce ta harshen kansa, wacce ce kuma ra'ayin wani marubuci da ya rayu shekaru fiye da ɗari biyu da suka wuce.

Littafin nahawun Ingilishi na farko shi ne wanda William Bullokar ya buga a 1586. A zamanin nan, in an ce nahawu a Ingila to na Latin ake nufi, saboda haka Bullokar ya ɗauki awon Latin ya ɗinka wa Ingilishi riga da shi. Har ma John Wallis, wanda ya yi ƙorafi a kan wannan ɗabi'a, da Latin ya rubuta nasa nahawun Ingilishin a 1653. Faransa ta kafa majalisar kula da harshenta tun 1635, kuma Jonathan Swift ya yi kira a 1712 da a yi wa Ingilishi irinta, amma ba a yi ba. Da yake babu hukuma, sai aikin yanke hukunci ya faɗa hannun ɗaiɗaikun marubuta da masu buga littattafai. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya taimaka wajen daidaita rubutun kalmomi, sannan Robert Lowth ya fitar da ɗan littafinsa na nahawu a 1762.

Lowth masanin Ibrananci ne, ya koyar a Jami'ar Oxford, daga baya ya zama Bishop na Landan. Domin ɗansa ƙarami ya fara tsara littafin. Abin da ya bambanta shi da na magabatansa shi ne, a ƙasan shafuka yakan kawo jimlolin manyan marubuta, irin su Shakespeare da Milton da Swift ɗin kansa, ya nuna inda yake ganin sun yi kure. Daga nan ne aka gaji tunanin cewa nahawu aikin farautar kurakurai ne. Ya soki "you was", wadda masu ilmi da yawa ke rubutawa a lokacin in da mutum ɗaya suke magana, har ta fita daga daidaitaccen rubutu. Ya kuma ƙarfafa ƙa'idar cewa kalmomin korewa biyu a jimla ɗaya suna kashe juna, jimlar ta koma tabbatarwa. Wannan hujja ce ta lissafi, ba ta harshe ba. Chaucer yakan jera korewa biyu ko uku ba tare da an ruɗe ba, mu ma da muke cewa "ban tafi ba" ba mu taɓa jin "ba" ta biyu ta soke ta farko ba. Duk da haka ƙa'idar ta zauna daram, yau kuma tilas mu koyar da ita, domin ta riga ta zama al'adar rubutu.

Amma a yi wa Lowth adalci. An daɗe ana jingina masa hana ƙare jimla da ƙananan kalmomi irin su "to" da "with", alhali John Dryden ne ya fara sukar wannan a 1672, Lowth kuwa ya yarda cewa ɗabi'ar harshen ce, sai dai yana ganin ɗayan tsarin ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Hana sanya kalma tsakanin "to" da aikatau ma bai ambace shi ba sam. Wannan ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, musamman bayan littafin Henry Alford na 1864, kuma H. W. Fowler ya rage masa kaifi a 1926.

Wanda ya shigar da waɗannan hukunce-hukunce cikin aji shi ne Lindley Murray, lauya ɗan Amurka da ya koma zama kusa da birnin York. Ya rubuta nahawunsa a 1795 domin wata makarantar 'yan mata, ya kwashi da yawa daga Lowth, sai dai abin da Lowth ya faɗa da sassauci shi ya mai da shi doka mai lamba, ta haddacewa. A 1797 ya ƙara da littafin aikin aji cike da gurɓatattun jimloli don yara su gyara, dabarar da Ann Fisher ta riga shi yi a tsakiyar ƙarnin. An sayar da miliyoyin kofe a Ingila da Amurka. Wannan hanya ta hadda da li'irabi da gyaran jimla ita ce ta bi mulkin mallaka, ta kuma sami sabon gida a Indiya, inda J. C. Nesfield ya tsara nasa littattafan a shekarun 1890, Wren da Martin kuma a 1935.

A Arewacin Nijeriya Ingilishi ya shigo aji a makare. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ita ce ta shahara da horar da ɗalibai kan lafazi da karatu a bayyane, kuma kowa ya san yadda aka yaba wa Ingilishin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin ɗalibanta. Amma ɗaliban nan 'yan ƙalilan ne zaɓaɓɓu, malamansu kuma masu harshen ne. Bayan kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952, da yawaitar makarantu bayan samun mulkin kai, sai jarrabawa ta zama ita ce mai fayyace abin da ke daidai. Rahoton D. W. Grieve na 1964 ya karkatar da ita zuwa tambayoyin zaɓi kan kalmomi da ginin jimla. A daidai wannan lokaci makarantun Ingila da yawa suna ajiye koyar da nahawun gargajiya, Randolph Quirk kuma ya riga ya fara, tun 1959, tattara Ingilishin da masu ilmi ke yi da bakinsu da alƙalaminsu, aikin da ya haifi babban nahawun 1985.

In muka duba rubutun ɗalibanmu, da wuya mu tarar matsalarsu ita ce ta Dryden ko ta Alford. Yaro yakan bar "s" a ƙarshen aikatau bayan "he" ko "she", yakan rasa inda zai sa "a" da inda zai sa "the", yakan yi jam'in "information" da "furniture". Yana rubuta "he use to come" domin yana neman makwafin lokaci sabau na "yakan zo", yana cewa "I am coming" alhali fita zai yi, domin "ina zuwa" ce a ransa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalili da za a iya bayyana masa ta hanyar gwama ginin Hausa da na Ingilishi, kuma babu littafin da aka rubuta don 'yan matan York ko yaran Indiya da zai yi mana wannan aiki. Muna ganin a nan ya kamata mafi yawan lokacin darasi ya tafi.

Akwai kuma rukuni na uku da ke ƙara girma, wato kalmomin da Nijeriya ta ƙirƙira. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Ingilishin Nijeriya, ciki har da "okada" da "next tomorrow" da "Kannywood". Shiga ƙamus shaida ce cewa ana amfani da kalma, ba umarni ba ne ga mai duba takardar jarrabawa. Don haka malamin aji shida yana bukatar ya gaya wa yaro abu biyu a kan "next tomorrow": kalma ce da masana suka rubuta a littafi, sannan in ya zo rubuta insha'i a ɗakin jarrabawa ya fi masa aminci ya ce "the day after tomorrow".