Bakin Ruwan Tanghin: Jiya da Yau

Jama'a, madatsun ruwa uku na Wagadugu, har da ta Tanghin, an gina su ne a farkon shekarun 1960 don ruwan shan gari. A hankali masu lambu, masunta da masu kawo dabbobi kara suka cika bakinsu. Yashi da shara suka rage zurfin ruwa, ambaliyar 1 ga Satumba 2009 kuwa ta nuna illar hakan. A 2019 aka sanya madatsun da dajin Bangr-Weoogo cikin jerin Ramsar, wato dausayin da duniya ke karewa. Doka ta hana noma da gini dab da gaɓa. To makiyaya, in an tashi gyaran bakin ruwa, ku nemi mashaya da burtali tun kafin a kafa shinge.