Yadda Masu Karatu Suka Tashi Matacce

Kwanan baya gardama ta ɓarke a ɗakinmu a kan wani littafin binciken kisan kai da muka karanta karɓa-karɓa. Wani ya ce marubucin ya yaudare mu, wani ya ce ina ruwan marubuci da ra'ayinmu. Wannan magana ta biyu ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin tarihi ya ƙaryata ta.

Masana sun fi danganta asalin irin wannan labari ga Edgar Allan Poe, mutumin Amurka, wanda ya ƙago mai bincike Dupin a 1841. Amma wanda ya ɗaukaka shi likita ne, watau Arthur Conan Doyle, da ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Daga 1891 mujallar Strand ta Landan ta riƙa buga gajerun labaran Holmes, jama'a kuwa suka yi ta rububinta.

To, shi Doyle ya gaji, ya fi son rubuta labaran tarihi. A watan Disamba na 1893 sai ya jefa Holmes da abokin gabarsa Moriarty cikin magangarar ruwa ta Reichenbach a Suwizalan. Masu karatu suka ce ba su san zance ba, wasiƙun fushi suka yi ta zuwa. A 1901 ya lallashe su da The Hound of the Baskervilles, labarin da ya ce ya auku kafin mutuwar. Bai ishe su ba. A 1903 ya dawo da Holmes da ransa, bai rabu da shi ba sai 1927. Gaskiya ne kuɗin da masu ɗab'i suka yi masa tayi ya taimaka, amma ai ƙishirwar masu karatu ce ta jawo kuɗin.

Haka kuma a 1926 Agatha Christie ta tayar da ƙura da The Murder of Roger Ackroyd. Ba zan tona ƙarshensa ba, sai dai wasu sun ce ha'inci ne. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma don kada marubuci ya ɓoye wa mai karatu abin da mai bincike ya gani.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, gardamar ɗaki ba ɓata lokaci ba ce. Marubutanmu na Hausa su ma suna bukatar jin ta. In mun karanta littafi, mu rubuto ra'ayinmu da hujja. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shirunmu kuwa shi ne tsagar da rubutun kasala ke bi.