Matsayin Tambaya a Aji: Nazarin Dabarun Koyarwa Masu Zaburar da Tunanin Ɗalibai a Damari da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dabarun koyarwa da ke farkar da sha'awar sani da zurfafa tunanin ɗalibai, tare da auna su da halin da makarantun firamare da ƙananan sakandare suke ciki a Damari da sauran garuruwan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara a jihar Katsina. An bi hanyar bitar ayyukan masana, da manufofin gwamnati, da tarihin karatu a ƙasar Katsina. Maƙalar ta tsaya a kan cewa tambayar malami ita ce dabara mafi araha kuma mafi tasiri a irin waɗannan makarantu, matuƙar an yi ta da harshen da yaro yake tunani da shi, a kan abin da ya riga ya ɗan sani, aka kuma ba shi lokacin yin tunani kafin ya amsa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tagar aji a karkarar Arewa ya san yadda darasi yake tafiya. Malami ya rubuta jimla a allo da Turanci, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi har sau uku. Sai ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, "E, Malam!" Daga nan sai kwafa a littafi har a kaɗa ƙararrawa. An yi aiki, an gaji, amma babu yaron da aka nemi ya faɗi dalilin wani abu. Paulo Freire na ƙasar Birazil ya soki irin wannan koyarwa tun a 1968, inda ya nuna cewa tana mayar da ɗalibi ma'ajiyar da ake zuba bayani a ciki don a karɓe shi ranar jarrabawa.

Rahoton haɗin gwiwa na Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Tun daga shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 har zuwa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, ƙarfin gwamnati ya fi karkata ga shigar da yara makaranta. Abin da ke gudana tsakanin malami da ɗalibi bayan an shiga ajin bai samu irin wannan kulawa ba, kuma shi ne abin da wannan maƙala ta sa a gaba.

2.0 Yankin Nazari

Damari gari ne a ƙaramar hukumar Sabuwa, wadda ta yi iyaka da Birnin Gwari ta jihar Kaduna. Faskari kuwa ta yi iyaka da Zamfara. Ƙasa ce ta noma mai albarka: masara, dawa, auduga, waken suya da shinkafa, ga manyan kasuwanni irin na Sheme da Ɗandume da ke makwabtaka. Amma rashin tsaro ya daki karatu a yankin. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda, kuma gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana a lokacin. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan ukun.

Wannan yana da ma'ana biyu ga mai nazarin koyarwa. Duk wata dabara da ta dogara ga intanet ko wutar lantarki ba za a iya jingina da ita a nan ba. Sannan kwanakin da yaro yake samu a aji sun ragu, saboda haka kowace sa'a ta ƙara daraja. Akwai kuma abin da ya fi damuna: yaron da ya tashi cikin jita-jita da fargaba ya fi kowa buƙatar sanin yadda ake tantance labari, da yadda ake cewa "wa ya gani, ta yaya aka sani?"

3.0 Abin da Masana Suka Gano

George Loewenstein (1994) ya nuna cewa sha'awar sani tana tasowa ne idan mutum ya lura da giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da bai sani ba. Wanda bai san komai game da abu ba ba ya jin ƙishirwar saninsa. Wannan ya bayyana dalilin da yaron Damari zai yi shiru idan ana maganar dusar ƙanƙara, amma bakinsa ya buɗe idan aka taɓo masara.

Mary Budd Rowe, masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta saurari ɗaruruwan darussa da aka ɗauka a kaset, ta kuma wallafa sakamakonta a 1972 da 1974. Ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, sai su maimaita, ko su nuna wani yaro, ko su amsa da kansu. Da aka horar da su suka riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, "ban sani ba" ta ragu, yaran da ba sa magana suka fara magana, ɗalibai kuma suka fara yin tasu tambayar. Babu sisin kwabo da aka kashe a kan wannan sauyi.

Sai dai akwai gargaɗi. Kirschner da Sweller da Clark (2006) sun nuna cewa barin ɗalibi mai farawa ya gano abu shi kaɗai ba tare da jagora ba yakan jefa shi cikin ruɗani. Ke nan ba a cewa malami ya naɗe hannu. Sai ya bayyana, ya nuna misali, sannan ya buɗe ƙofar tambaya. Haka kuma ba a raina hadda. Yaron da ya haddace jadawalin ninkawa ya fi sauƙin yin tunani a kan lissafi. Laifin shi ne a tsaya a kan haddar.

4.0 Harshen Tambaya

A nan ne lamarin ya fi tsanani. Yaro ba ya iya kawo hujja da harshen da bai mallaka ba. Iyakarsa ya maimaita. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya mamaye yanki a ajujuwan farko na firamare. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci, ban da darasin Turanci, tsawon shekara shida, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. A Katsina da Zamfara, shirin RANA da UNICEF ta tallafa wa ya samar da littattafan koyon karatu da lissafi da Hausa ga ƙananan ajujuwa. Matsayin wannan maƙala shi ne a koyar da Turanci da kyau a matsayin darasi, amma muhawara da kawo dalili a firamare a yi su da Hausa, domin a nan ne yaron yake da kalmomin cewa "saboda", da "amma idan", da "ban yarda ba".

5.0 Darasi Biyu don Misali

Na farko daga gona. Kowane yaro a Sabuwa ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, mai furen nan ruwan hoda da ke kashe dawa da masara. Malamin kimiyya zai iya tono gindin dawa ɗaya da ƙuduji maƙale a saiwarta, ya ɗora a kan tebur, ya ce: "Me ya sa wannan ciyawa ba ta fitowa ita kaɗai a fili? Kuma me ya sa manoma ke cewa tana raguwa a gonar da aka shuka waken suya bara?" Ya yi shiru. Ya bar su su tattauna bibbiyu. Wani zai ce taki ne, wata ta ce inuwa ce, wani ya ce babansa ya ce ƙasar ce ta gaji. Malam ya rubuta duk amsoshin a allo ba tare da ya ce wannan daidai ne ko kuskure ba, sannan ya tambaya: "Ta yaya za mu gwada mu gani?" Sai bayan haka ya kawo bayanin masana aikin gona: irin ƙuduji ba ya tsira sai ya ji wani sinadari daga saiwar shuka, saiwar waken suya tana fitar da sinadarin, irin ya tsira, amma ya kasa kama ta, sai ya mutu. Yaron da ya ce ƙasa ta gaji bai yi kuskure ba, domin ƙuduji ya fi yin ɓarna a ƙasa marar ƙarfi, kuma ya kamata malam ya faɗa masa haka a gaban aji. Wannan yaro zai koma gida da abin da zai tattauna da mahaifinsa.

Na biyu daga tarihin Katsina kanta. Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake tsara lambobi a gidajen hatimi. Malamin lissafi ya zana gida tara a ƙasa, ya ce a jera 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Bayan an sha fama, sai ya tambaya: jimlar nawa ce tilas ta kasance? Idan suka haɗa lambobin suka samu 45, suka raba uku, za su ga 15 ce. Sai tambaya ta gaba: me ya sa 5 ce kullum a tsakiya? Tsinke da ƙasa sun wadatar, kuma yaran sun ji cewa ɗan ƙasarsu ne ya yi fice a wannan fanni.

6.0 Abubuwan da ke Kawo Cikas

Ana yawan cewa tarbiyyar Bahaushe ba ta yarda yaro ya tambayi babba ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman ga 'ya'ya mata, waɗanda kunya kan sa su haɗiye abin da suka sani. Amma al'ummar da ta ce matambayi ba ya ɓata ba ta haramta tambaya ba. A makarantar zaure almajiri yakan tsayar da malaminsa a kan mas'ala har sai ya gamsu, kuma kacici-kacici horo ne na kaifin ƙwaƙwalwa tun daga ɗakin kaka. Abin da yake kashe tambaya a ajin boko shi ne bulala da dariya. Yaron da aka doke shi ko aka yi masa ihu don ya ba da amsa ba daidai ba, ba zai sake ɗaga hannu ba. Tattaunawar bibbiyu kafin a amsa tana rage wannan tsoro, tana kuma aiki ko a aji mai cunkoso, tunda kowa yana da na kusa da shi.

Babban cikas ɗin yana wajen malamin kansa. Ba zai yi tambayar da shi ma bai san zurfin amsarta ba, kuma ba zai tsaya jira ba idan mai duba makarantu manhaja kawai yake ƙirgawa. Yawancin malamai ma ta hanyar shifta aka koyar da su.

7.0 Kira

Ina kira ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina su sa tsara tambaya da jiran amsa cikin abin da ake auna ɗalibi da shi lokacin gwajin koyarwa, kuma a bar shi ya yi gwajin da Hausa a ƙananan ajujuwa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Katsina da sakatarorin ilimi na Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara su umarci masu duba makarantu su riƙa rubuta tambayoyin da malami ya yi da waɗanda ɗalibai suka yi a kowane darasin da suka halarta. Shugabannin makarantu kuma su hana dukan yaro saboda kuskuren amsa, tun daga wannan zangon karatu.